Madubin Ruwa na Bordo: Yadda Santimita Biyu ta Mayar wa Gari da Koginsa

Da hantsi, a watannin zafi, wani faffaɗan daɓen dutse da ke bakin kogin Garon a birnin Bordo na ƙasar Faransa yakan fara tsattsafo da ruwa. Ba a ganin famfo, ba a ganin bututu. Ruwan yana ɓullowa ne ta tsakankanin duwatsun daɓen, sannu a hankali, kamar yadda ƙasar fadama ke yi idan an taka ta. Cikin kimanin minti uku ya shafe filin duka, ya tsaya cak a zurfin santimita biyu, ko idon sawu bai kai ba. Sai benayen da ke tsallaken titi, waɗanda suka haura shekara 250 a tsaye, su bayyana a cikinsa kai a ƙasa, da tagoginsu da gizagizan da ke samansu. Bayan minti 15 ruwan ya tsiyaye ya koma inda ya fito. Kafin mutum ya ankara sai farin hazo mai sanyi ya taso daga ƙasa, ya kai tsayin mita biyu, ya haɗiye duk wanda ke tsaye a wurin. Hazo ya washe, ruwa ya sake ɓullowa. Haka ake ta yi har dare ya yi.

Faransawa suna ce masa Miroir d'eau, wato Madubin Ruwa. An buɗe shi a 2006, faɗinsa murabba'in mita 3,450, kusan rabin filin ƙwallo ke nan. Mai bin ƙwallo ya san sunan garin, wanda masu shi ke rubutawa Bordeaux, ta kulob ɗin da Zidane ya buga wa kafin ya koma Juventus a 1996. Amma a yau idan aka nemi hoto guda da zai tsaya a madadin Bordo, mafi yawan lokaci hoton wannan ruwan ake ɗaukowa.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne wurin da aka yi aikin. Taɓa tsohon dandali a birnin Turai ba ƙaramin tsokano tsuliyar dodo ba ne. Masu kare kayan tarihi suna nan da dokokinsu, mazauna unguwa suna nan da ƙorafinsu, kuma duk abin da ka kafa sai an gwada shi da aikin magabata an ce bai kai ba. A Bordo an yi sabon abu a gaban dandali mafi daraja a garin, kuma shekara guda bayan haka, a 2007, hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da madubin a bakinsa.

Dandalin da ya sha sauya maigida

Har zuwa farkon ƙarni na 18, Bordo gari ne mai ganuwa wanda ya juya wa koginsa baya. Jiragen ruwa suna sauke kaya a gaɓa, amma garin yana ƙunshe a bayan katanga. Wakilin sarki a lardin, Claude Boucher, shi ne ya matsa wa dattawan gari lamba har suka yarda a fasa ganuwar a yi dandali mai kallon ruwa. Jacques Gabriel, mai zana wa sarki gine-gine, ya tsara shi, aka kama aiki wajen 1730. Da ya rasu a 1742 ɗansa Ange-Jacques Gabriel ya ɗora daga inda ya tsaya. Gine-gine sun kewaye dandalin ta ɓangare uku, na huɗun a buɗe yake ga kogi, kamar mutum ya ware hannuwa yana tarbar baƙo. A hannu ɗaya gidan karɓar harajin kaya, wanda yanzu ya zama gidan tarihin kwastan na ƙasa. A ɗaya hannun zauren hada-hadar 'yan kasuwa, wanda daga gare shi dandalin ya samo sunansa na yanzu, Place de la Bourse.

Tsakiyar dandalin kuwa ba ta taɓa samun hutu ba. A 1743 an kafa mutum-mutumin Sarki Louis na 15 a kan doki, sunan wurin kuma Dandalin Sarki. Juyin juya hali ya zo, a 1792 aka tumɓuke sarkin da dokinsa aka narkar, wurin ya koma Dandalin 'Yanci. Zamanin Napoleon aka sake masa suna, da sarauta ta dawo aka mayar da na da, sai a 1848 ya samu sunan da ya zauna masa. A 1869 aka kafa mafesar ruwa mai siffar mata uku, wadda har yau tana nan. Kowace gwamnati ta zo sai ta kafa abinta a tsaye a tsakiya, ta ce wa jama'a ku ɗaga kai ku kalla. A riƙe wannan, domin madubin ya bi wata hanya dabam.

Sai ƙarni na 20 ya sake toshe ƙofar da Boucher ya buɗe. Tashar jiragen ruwa ta cika gaɓar da manyan sito-sito na kankare da injinan ɗaga kaya, aka kewaye su da shingen ƙarfe. Daga baya jirage suka ƙara girma, kaya ya koma zuwa cikin kwantena, aikin tasha ya gangara ƙasa zuwa Bassens, da kuma Le Verdon da ke kusa da teku. Sito-siton suka zama kango. Gaɓar ta zama wurin ajiye motoci, da babban titi mai layi da yawa a gefenta, hayaƙi kuma ya mayar da farin dutsen benayen baƙi ƙirin. A lokacin ne ake yi wa Bordo laƙabi da kyakkyawar da ta yi barci. Yaro zai iya tashi a garin ya girma bai taɓa tsayawa a bakin kogin da ya yi wa kakanninsa arziki ba.

Alain Juppé ya zama magajin gari a 1995, ya ɗauko abu uku a haɗe: wanke fuskokin gine-gine, shimfiɗa layin jirgin lantarki na cikin gari, da mayar wa mutane gaɓar kogi. Jirgin ya fara aiki a Disamba 2003, kuma akwai wata dabara a cikinsa da ta yi wa madubin rana tun ba a gina shi ba. A tsohon gari ba a rataya wayoyin wuta a sama ba. An binne layin wutar a ƙasa tsakanin dogo biyu, kuma ba ya ɗaukar wuta sai a daidai gaɓar da jirgi ke samanta, don haka mai tafiya a ƙasa zai taka shi lafiya. Da an rataya wayoyi da turakunsu a gaban dandalin, da su ne za su fara fitowa a cikin ruwan.

Gyaran gaɓar, mai tsawon kilomita 4.5, an damƙa shi ga Michel Corajoud, gwanin tsara filaye da lambuna, da abokan aikinsa, aka kammala a 2009. A tsakiyar aikin Juppé ya sauka daga kujera a ƙarshen 2004 sakamakon hukuncin kotu, Hugues Martin ya riƙe garin, Juppé bai dawo ba sai Oktoban 2006. Aiki bai tsaya ba, ba a kuma sauya zane ba. Wanda ya saba ganin ana yasar da aiki da zarar mai shi ya bar ofis zai san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me za a sa a gaban dandalin?

A sauran gaɓar an dasa itatuwa, an yi lambuna da hanyar keke da filayen wasa. Da aka zo daidai gaban Place de la Bourse sai lissafi ya cije. A dasa itatuwa, su rufe ginin da aka kashe kuɗi aka wanke. A kafa wani dogon abu na zamani, ya shiga kishi da aikin Gabriel, kuma shi zai sha kaye. A bar wurin fayau, ya zama fako mai ƙuna da ba wanda zai tsaya a kai. Kogin kansa ba zai yi aikin madubi ba. Garon ruwa ne ja mai laka, kuma ko da yake Bordo na da nisan kusan kilomita 100 daga teku, ruwan yana cika yana janyewa da tekun kullum, ba ya zama wuri ɗaya.

Mafitar ta fito ne daga Corajoud da mai zanen gine-gine Pierre Gangnet da Jean-Max Llorca, wanda sana'arsa ita ce aikin mafesan ruwa. Abin da suka ɗauko shi ne abin da ke faruwa a birnin Venis na Italiya idan teku ta cika: ruwa ya tsattsafo ta magudanan dandalin San Marco, ya kwanta siriri a kan daɓe, majami'a ta bayyana a cikinsa. Abin da yake masifa ga mutanen Venis shi aka kawo Bordo aka sa masa linzami.

Akwai abu guda da hotuna ke ɓoyewa. Madubin ba a cikin tsohon dandalin yake ba. Yana tsallaken titi da layin jirgi, a kan gaɓar da sito-sito suka bari. Ba a cire ko dutse ɗaya daga aikin ƙarni na 18 ba, ba a matsar da mafesar mata uku ba. A ganina rabin nasarar tana nan. Masu kare tarihi ba su samu abin kamawa ba, domin sabon aikin ba shi da tsayi ko na taku ɗaya, kuma duk abin da yake nunawa na tsohon ne. Ya ninka dandalin biyu ba tare da ya taɓa shi ba. Tafkin da ke haska gini tsohon abu ne, akwai shi a fadar Alhambra ta Andalus, akwai shi a gaban Taj Mahal. Amma waɗancan na kallo ne daga gefe. Na Bordo ba shi da baki, ba shi da katanga, daga busasshen daɓe sai ka ji ƙafarka a ruwa.

Abin da ke ƙarƙashin daɓen

Wanda ya tsaya a sama ba zai san a kan ɗakin injina yake tsaye ba. A ƙasa akwai tanki mai cin ruwa kyubik mita 800 a lissafin injiniyoyi, ko a faɗa da harshen da kowa ya sani, lita 800,000. Idan aka auna da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, jarka 32,000 ke nan. Abin da ke kwance a kan daɓen a lokaci guda kuwa, idan ka buga faɗin filin da zurfin santimita biyu, lita 69,000 ne kacal, wato jarka 2,760. Kashi ɗaya cikin goma na tankin ma bai cika ba. Sauran yana ƙasa a inuwa yana hucewa, ana tace shi, ana sa masa magani.

Injina ne ke tura ruwan zuwa cikin ƙananan magudanai da ke ƙarƙashin duwatsun, su cika su tumbatsa, ruwan ya fito ta tsagar da ke tsakanin dutse da dutse. Kwamfuta ce ke riƙe da lokaci. Idan wa'adi ya yi sai ta buɗe makullan bututu ruwa ya gangara tanki, abin da ke ɗaukar kimanin minti biyar. Daga nan sai ƙananan bakunan feshi wajen 900 da aka dasa a tsakiyar duwatsun su watsa ruwa da ƙarfi, ya farfashe ya zama hazo na kimanin minti uku. Zagaye guda bai kai rabin awa ba.

Me ya sa santimita biyu, ba goma ba, ba hamsin ba? Domin madubi ba ya buƙatar zurfi. Fuskar ruwa ce ke haska abu, kuma idan ƙasan mai duhu ne, kamar dutsen da aka shimfiɗa a nan, hasken da ya nutse ba ya dawowa ya dagula hoton. Siririn ruwa kuma ba ya riƙe igiya: iska ta kaɗa shi ko yaro ya ratsa, nan da nan ya sake kwantawa. Sai dai wannan sirantakar ita ce wahalar magina. Daɓe mai faɗin rabin filin ƙwallo dole ya kwanta daidai wa daida. Gefe guda ya ɗara ɗayan da santimita biyu, shi ke nan, can ya bushe nan ya zama kududdufi. Duk wanda ya taɓa ganin daɓen tsakar gida da birkila bai auna da kyau ba, yadda ruwan sama ke taruwa a lungu ɗaya ya ƙi fita, ya san abin da ake nufi.

Janye ruwan a kai a kai ma ba don ado kawai ba ne. Ruwan da ya daɗe kwance a rana a kan dutse yakan yi zafi, ya yi gansakuka, ya fara wari. Wannan ba a barinsa ya kwana ko ya wuni, balle sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Yadda jama'a suka karɓe shi

An yi shi ne da farko don a kalla, a ɗauki hoto. Mutanen gari suka ga ruwa ba shinge, sai suka tuɓe takalma. Yara ne suka fara, kamar yadda suke yi a ko'ina ranar da aka yi ruwan farko, iyaye suka bi su don kamo su, su ma suka tsaya. Yanzu da rana a lokacin zafi wurin cike yake da masu rarrafe, da masu gudu suna fantsama, da matasa masu zamiya a kan ciki, da tsofaffi da suka naɗe ƙafar wando suna takawa a hankali. Mai keken guragu ma yana shiga, tunda babu mataki a bakin ruwan. Ba a biyan ko sisi.

Abin yana tuna wa mutum ƙissar Bilkisu a fadar Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da ta ga daɓen gilashi ta zaci ruwa ne har ta yaye tufa daga ƙwaurinta. A Bordo abin a juye yake: baƙo ya hango daga nesa ya ɗauka gilashi ne, sai ya matso ya ga mutane tsamo-tsamo a ciki.

Zurfin nan dai shi ne ya buɗe ƙofa. Ruwan da ya kai gwiwa yana buƙatar mai gadi, da shinge, da allon gargaɗi, kuma uwa ba za ta saki hannun ɗanta ba. Ruwan da bai rufe tafin ƙafa ba kuwa uwa za ta zauna a gefe ta zuba ido hankalinta a kwance. Mai kwat da zai wuce ofis ma zai iya ratsawa ta gefe ba tare da ya jiƙe ba. Ga kuma zafi da ke ƙaruwa a kudu maso yammacin Faransa. Ranar 23 ga Yulin 2019 ma'aunin zafi a Bordo ya kai 41.2, abin da garin bai taɓa gani ba kafin nan. Mutumin Sakkwato ko Agadas zai yi murmushi, amma gari ne na dutse wanda yawancin gidajensa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma iyalin da ke zaune a ƙaramin ɗaki a saman bene ba su da tsakar gida ko gindin bishiya. A irin waɗannan ranaku madubin ya wuce abin ado.

A nan ne kuma rikicin da ke cikin aikin yake fitowa. Madubi yana son natsuwa, wasa yana son motsi, kuma ba sa haɗuwa a lokaci guda. Da zarar yara talatin sun shiga, ginin Gabriel ya tarwatse a cikin ruwa. Wanda ya taso daga wata ƙasa da kyamara don ya ɗauki hoton da ya gani a intanet zai iske ƙafafu da ihu. Hukumar gari ba ta raba filin gida biyu ba, ba ta kuma kafa dokar hana shiga ba. Lokaci ne ya yi rabon. Da hantsi kafin wurin ya cika, da kuma bayan faɗuwar rana idan an kunna fitilun benayen, madubi ne na masu hoto. Da tsakar rana na yara ne. A cikin kowane zagaye ma akwai rabo: 'yan daƙiƙun da ruwa ya gama cika kafin a dagula shi na mai kallo ne, hazo na masu ɓuya ne, busasshen daɓe na masu wucewa ne. Ni dai ban san wani aikin ado na bainar jama'a da ya sasanta masu buƙatu mabambanta da arha haka ba. Mutum-mutumin sarki yana da ma'ana ɗaya daga safe har dare. Wannan yana sauya aiki sau huɗu kafin rabin awa.

Kuɗin da ba ya ƙarewa

Kada a ɗauka abin banza ne. Aikin ruwa ba irin ginin da za a yanke kyalle a tafi ba ne. Rana da iska suna shanye wani kaso, hazon ma tafiya yake ba ya dawowa duka, don haka kullum sai an ƙara ruwa a tanki. Injina suna cin wuta. Bakunan feshi ƙanana ne, ɗan datti kaɗan ke toshe su. Duk abin da ƙafa ta kwaso, da ganye, da guntun sigari, da gashin kare, yana bin ruwa zuwa matata. Wurin da matasa ke taruwa da dare kuma ba ya rasa fasasshiyar kwalba, alhali gobe da safe jarirai za su taka shi ba takalmi, don haka sai an share kafin a saki ruwa. Da hunturu ana kashe shi gaba ɗaya na tsawon watanni saboda ƙanƙara tana fasa bututu, a lokacin ne kuma ake gyare-gyare. Baƙon da ya zo a watan Janairu busasshen dutse kawai zai tarar.

Don a ga abin da ke faruwa idan wannan ɓangaren ya sukurkuce, a leƙa birnin Liyon, shi ma a Faransa. A can akwai tsohon dandali gaban gidan magajin gari, Place des Terreaux. A 1994 mai zane Daniel Buren da mai zanen gine-gine Christian Drevet suka sake masa fasali, suka dasa ƙananan mafesan ruwa 69 a cikin daɓe. Tunani ne mai kyau, ya ma riga na Bordo da shekara 12. Amma dandali ne da ake taruka a kai, motocin kaya suna takawa, ƙarƙashinsa kuma wurin ajiye motoci ne. Mafesan suka riƙa lalacewa har aka kashe su shekara da shekaru, Buren ya yi ta kuka a jaridu cewa an bar aikinsa ya wulaƙanta. Da aka sake gyaran wurin a 2019, mafesa 15 aka mayar. Bambancin a bayyane yake: a Liyon an cusa injina a tsakiyar dandalin da ke da wasu ayyuka masu nauyi, a Bordo an ba ruwan filinsa na kansa a gefe inda mota ba ta hawa.

Akwai wani abin dariya a tarihin garuruwan biyu. Babbar mafesar ƙarfe da ke tsaye a dandalin na Liyon, mace a kan keken dawaki huɗu, aikin Bartholdi ce, wanda ya ƙera mutum-mutumin 'yanci na New York. Don Bordo ya zana ta, macen ma kogin Garon take wakilta. Dattawan Bordo suka ga kuɗin ya yi yawa suka janye, Liyon ta saya ta kafa a 1892. Sai bayan fiye da shekara ɗari Bordo ta yi wa koginta abin girmamawa, kuma a kwance ta yi shi.

Wasu garuruwa sun bi sawu. Nis ta buɗe nata madubin a 2013, Nant ta yi nata a gaban tsohuwar fadar sarakunan Bretagne a 2015. Kafin Bordo ma birnin Bern na Suwizalan ya kori motoci daga dandalin gaban majalisa a 2004 ya dasa mafesa 26, ɗaya ga kowace jiha. Ba kowanne ne ya yi suna kamar na Bordo ba, kuma dalilin ba ya wuce cewa madubi ba ya ƙirƙiro kyau. Abin da ke gabansa yake maimaitawa.

Abin da madubin ke haskawa

To, me ke gabansa? Idan mutum ya tsallaka titi ya ɗaga kai, zai ga fuskoki da aka sassaƙa a dutse a saman tagogi da ƙofofin dandalin. Akwai na allolin tatsuniyar Rumawa, akwai na ma'aikatan jirgi, akwai kuma fuskokin 'yan Afirka. Ba don ƙauna aka sa su ba. Alama ce ta inda dukiyar ta fito.

Ƙarnin da aka gina dandalin shi ne ƙarnin da Bordo ta zama babbar tashar kasuwancin Faransa da tsibiran Karebiyan, musamman Saint-Domingue, wadda ita ce Haiti a yau. Sukari da gahawa da shuni da bayi suka noma a can su ne ake saukewa a wannan gaɓar, a biya harajinsu a gidan kwastan na hannu ɗaya, a yi cinikinsu a zauren 'yan kasuwa na ɗaya hannun. Bayan haka garin ya shiga fataucin mutanen kai tsaye. Tsakanin 1672 da 1837 jirage sun tashi daga Bordo kusan sau 500 zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi mutane wajen 150,000 zuwa ƙetaren teku. Nant ce kan gaba a wannan mugun ciniki a Faransa, amma Bordo na cikin na sahun farko.

Garin ya daɗe yana kawar da kai daga wannan. Sai da 'yan gwagwarmaya irin su Karfa Diallo, ɗan asalin Senegal mazaunin Bordo, suka yi shekaru suna zagayawa da mutane titi-titi suna nuna musu gidajen fataken bayi da titunan da ke ɗauke da sunayensu. A 2009 gidan tarihi na Aquitaine ya buɗe ɗakuna na dindindin kan cinikin bayi da kasuwancin tekun Atlantika. Madubin kansa bai ce uffan ba a kan batun, kuma ina ganin nan ne iyakarsa. Ya wanke wa benayen fuska, ya ninka musu kwarjini, ya aika hotonsu duniya, ba tare da ya tambayi wanda ya biya kuɗin dutsen ba. Wani zai ce ba aikin ruwa ba ne ya ba da darasin tarihi, kuma da gaskiyarsa. Wani kuma zai nuna yaran da ke tsalle a cikin ruwan, da yawansu jikokin mutanen Dakar da Bamako da Duwala da Martinik ne, ya ce gaɓar da aka yi cinikin kakanni ta zama wurin wasan jikoki. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ba zanen ne ya shirya shi ba, rashin shinge da rashin kuɗin shiga ne suka kawo shi.

Maganar da madubin bai yi ba an yi ta a wani wuri kusa. Tafiyar 'yan mintuna a ƙafa idan aka bi gaɓar ta arewa, akwai mutum-mutumin tagulla na wata mace a tsaye a ƙasa, ba a kan dakali ba, tsayinta daidai na mutum, da sarƙa a kwance kusa da ƙafafunta. Modeste Testas ce, wadda aka kamo daga gabashin Afirka tana yarinya, wasu 'yan kasuwar Bordo wa da ƙani masu suna Testas suka saye ta suka kai ta gonarsu a Saint-Domingue. Ta samu 'yanci, ta yi tsawon rai har 1870, jikanta François Denys Légitime kuma ya zama shugaban ƙasar Haiti a 1888. Wani matashin mai sassaƙa ɗan Haiti, Woodly Caymitte, shi ya ƙera ta, aka buɗe ranar 10 ga Mayun 2019, ranar da Faransa ke tunawa da cinikin bayi kowace shekara. A watan Satumban 2021 an wayi gari an shafe mata kai da kafaɗu da farin filasta. Ma'aikatan gari suka zo da ruwa suka wanke ta.